Gayyar Ƙira: Ƙera Wasan Kwamfuta Cikin Awa 48 da Abin da Ya Shafi Harshen Hausa

Gabatarwa

Duk shekara a ƙarshen watan Janairu, lokacin da hunturu yake kan ganiyarsa a ƙasar Hausa, manoman albasa na Aliero da Jega da Maiyama kuma suna fama da ban ruwa a fadamu, dubban mutane a ƙasashe wajen 100 sukan taru a azuzuwan jami'o'i da ofisoshi domin su ƙera wasan kwamfuta daga farko har ƙarshe cikin awa 48. Ba a biyansu ko kwabo. Da yawa daga cikinsu ba su san juna ba kafin ranar, ba kuma wanda ya san a kan me za a yi aikin sai an buɗe taro. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana asalin wannan al'ada da yadda ake shiga cikinta, sa'an nan ta duba abin da zai fuskanci harshen Hausa ranar da aka yi irinta da Hausa zalla.

Mai karatu zai iya tambaya ina ruwan malamin harshe da wasan kwamfuta. Amsar ita ce wayar hannu ta riga ta shiga ƙauyuka irin su Gumbin Kure, yaron da a dā zai kwana a dandali yana langa ko 'yar ɓuya, yau yakan raba lokacinsa tsakanin dandalin da wayar yayansa. Wasannin da ke cikin wayar nan kuwa da harshen wasu suke magana. Duk fagen da yara suka saba jin wani harshe a cikinsa tun suna ƙanana, da wuya a karɓe shi daga baya.

Asalin al'adar

A watan Maris na 2002 wasu masu tsara manhaja biyu, Chris Hecker da Sean Barrett, suka gayyaci abokan sana'arsu zuwa birnin Okland na jihar Kalifoniya a Amurka. Sun riga sun tanadi wata manhaja mai iya nuna 'yan ƙananan surori har 100,000 a fuskar kwamfuta lokaci guda, tambayar da suka ajiye wa baƙinsu kuwa ita ce: wane irin wasa za a iya yi da wannan? Mutum 14 suka amsa gayyar, cikin kwana 4 suka fitar da wasanni 12. A watan Afrilu na wannan shekarar Geoff Howland ya fara wani taron ta intanet mai suna Ludum Dare, watau "ba da wasa" da harshen Latin. A babban sashensa mutum shi kaɗai yake aiki, awa 48, kuma dole zane da sauti da umurnin manhaja duk su zama aikin hannunsa na cikin wa'adin. Daga baya aka ƙara sashen ƙungiyoyi mai awa 72. Mahalarta su suke zaɓen jigo ta hanyar ƙuri'a, su ne kuma suke gwada wasannin juna su ba da maki. Babu kyautar kuɗi.

A 2006 aka fara Nordic Game Jam a Kofanhagan, babban birnin Danmak. Daga nan ne Susan Gold da Gorm Lai da Ian Schreiber suka ɗauki tsarin suka shimfiɗa shi a duniya da sunan Global Game Jam. An yi na farko daga 30 ga Janairu zuwa 1 ga Fabrairu, 2009, a wurare 53 cikin ƙasashe 23, mahalarta kimanin 1,600 suka fitar da wasanni 370. A Janairun 2020 mahalarta sun haura 48,000, a wurare 934 cikin ƙasashe 118, wasannin da aka ɗora kuwa sun wuce 9,600. A Nijeriya, Legas ce aka fi sani da buɗe wa wannan taro zaure, can ne kuma Hugo Obi ya kafa kamfanin wasanni na Maliyo Games a 2012. A Gana akwai Leti Arts tun 2009, a Kamaru kuma Kiro'o Games wanda ya fitar da wasan Aurion a 2016.

Galibin wasannin da ake ƙerawa a irin wannan taro ba sa wuce makon da aka haife su. Amma akwai waɗanda suka rayu. A 2013 jigon da aka bayar ba kalma ba ce, ƙarar bugun zuciya aka kunna wa mahalarta. Mutum huɗu na kamfanin Bossa Studios a Landan suka yi wasan likitan fiɗa wanda hannunsa ba ya jin magana, kowane yatsa da nasa madannin, mai wasa yana ƙoƙarin dashen zuciya yana ɓarin kayan aiki. Dariyar da ya ba jama'a ta sa suka faɗaɗa shi, suka sayar da shi a watan Afrilu na shekarar da sunan Surgeon Simulator 2013.

Wane suna ya dace da shi?

Kalmar jam da Turawa suke amfani da ita aro ce daga bakin makaɗan jaz na Amurka, waɗanda sukan haɗu bayan an tashi daga aiki su yi ta kiɗa ba tare da shiri ba, wannan ya kawo, wancan ya ɗora. Ma'anar da ke ciki ita ce haɗuwa da ƙago abu nan take. Idan aka fassara ta da "gasa", kamar yadda saurin alƙalami zai so, an karkatar da ita. Hukumar Global Game Jam ba ta fitar da zakara, ko da yake wasu zaurukan sukan ba da 'yar kyauta tasu ta gida.

Jihar Kebbi tana da kyakkyawan misali na gasa mai wa'adi, watau sun Argungu, wanda aka mai da shi biki tun ziyarar Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu a 1934, hukumar UNESCO kuma ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. A ranar babban su, da an ba da alama sai dubban masunta su auka Matan Fada da homa da gora, a ba su kimanin awa guda, wanda ya fito da kifi mafi nauyi shi ya ci. Akwai wa'adi, akwai fara aiki tare, amma kowa kansa yake yi wa, kifin kuma yana nan cikin ruwa tun kafin a shiga. Masu ƙera wasa kuwa babu abin da yake jiransu.

Abin da ya fi kusa shi ne gayya. Mai gona ko mai ɗaukar jinka yakan sanar da rana, samari su zo da kayan aikinsu, shi kuwa ya tanadi fura da tuwo da goro, wani lokaci har da makaɗa. Aikin yana da iyaka sananniya, ana so a ga bayansa kafin rana ta yi zafi ko kafin ta faɗi. Ba a biyan lada, amma akwai kishi a ciki, domin kowane saurayi yana so a ga kunyarsa ta riga ta kowa fita. Wannan gauraye na taimakon juna da ɗan tsere shi ne ainihin ruhin taron da ake magana a kansa. Saboda haka wannan maƙala ta zaɓi "gayyar ƙira". An kauce wa "gayyar wasa" don kada a zaci taruwa ake yi a yi wasa, alhali aiki ne mai hana barci. Bambanci ɗaya ya kamata a lura da shi: a gayyar noma amfanin na mai gona ne, a nan kuwa wasan na waɗanda suka ƙera shi ne, ko da yake sharaɗin Global Game Jam shi ne a ɗora shi inda kowa zai iya saukewa ya gwada kyauta.

Yadda awa 48 take tafiya

Bisa tsarin da aka saba, akan buɗe da ƙarfe 5 na yammacin Juma'a, agogon kowace ƙasa, a rufe da yammacin Lahadi. Bayan gajeren jawabi sai a bayyana jigo. A shekarun da kowa yake farawa rana ɗaya, akan roƙi waɗanda suka riga ji, kamar mutanen Niyu Zilan, su riƙe sirrin har sai na ƙarshe, watau mutanen tsibiran Hawayi, sun fara nasu. Daga nan kowa mai dabara sai ya miƙe ya faɗe ta cikin minti ɗaya ko biyu, waɗanda ta burge su bi shi. Da haka ƙungiyoyi suke haɗuwa, galibi mutum uku zuwa biyar: mai rubuta umurnin manhaja, mai zane, mai sauti, da mai tsara dokokin wasa da labarinsa. Wannan na ƙarshe ba lallai ne ya iya kwamfuta ba. Kujerar ɗalibin harshe da adabi ke nan.

Ba daga fili ake farawa ba. Akwai manhajoji da ake kira injin wasa, waɗanda suka riga suka ɗauke wahalar nuna hoto da motsi da karo da sauti. Unity, wanda ya fito a 2005, shi ne aka fi yayi. Godot, wanda Juan Linietsky da Ariel Manzur 'yan Ajantina suka sake wa jama'a kyauta a 2014, ya fi sauƙin saukewa, yana kuma tafiya a kan kwamfutar da ta kwana biyu, abin da yake da muhimmanci ga mai sayen data da kuɗin aljihunsa. Ga yara da masu koyo akwai Scratch na jami'ar MIT, wanda ake jera umurni a cikinsa kamar tubala, Hausa kuma tana cikin harsunan da aka fassara shi. Ga marubuta akwai Twine na Chris Klimas, tun 2009, inda wasan labari ne mai rassa, mai karatu ya zaɓi hanyar da zai bi.

Daren farko na muhawara ne da gwaji a kan takarda. Wuni na biyu shi ne na aiki tuƙuru, ƙwararru kuwa sun yi ittifaƙi a kan cewa idan Asabar ta yi tsakiya ba a sami abin da za a iya taɓawa a yi wasa da shi ba, ko da murabba'i ne yake bin da'ira, to, ƙungiyar tana cikin hatsari. Babbar cutar sababbin shiga ita ce haɗama. Sukan zo da niyyar gina birni da kasuwa da mayaƙa da labari mai babi goma, Lahadi ta riske su da ƙofar gari kawai. Mafi yawan aikin wuni na biyu yanka ne: a jefar da wannan, a haƙura da wancan, har a rage abu ɗaya tak da mai wasa zai riƙa yi, a gyara shi ya yi daɗi. Awowin ƙarshe na toshe kurakurai ne da ɗora aiki a intanet, sa'an nan a zagaya ana gwada na juna.

Ƙuntatawar nan ta jigo da wa'adi ba baƙuwa ba ce ga wanda ya san waƙar Hausa. Mai tahamisi yakan ɗauki baitin wani mai ɗango biyu ya ɗora masa uku, tilas kuma ya bi karinsa da amsa-amonsa, wannan tilas ɗin ce take tono masa kalmomin da ba zai tuna da su ba in an sake shi. Haka kuma a shekarun 1970 marubuta waƙoƙi sun sha karɓar jigo daga waje, kamar komawa tuƙi a hannun dama a 1972 da canjin kuɗi zuwa naira da kwabo a 1973, su fitar da waƙa cikin 'yan kwanaki. Alhaji Aƙilu Aliyu, wanda aka haifa a Jega a 1918, ya kuma shugabanci ƙungiyar Hausa Fasaha, yana cikin gwanayen wancan zamani da suka nuna cewa babu wani sabon abu da Hausa za ta kasa ɗauka.

Dara a gaban kwamfuta

A ƙaddara ɗalibai huɗu na jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, wadda aka kafa a 2006, sun shiga gayyar ƙira, ɗaya daga cikinsu ɗan Gumbin Kure ne, ya kawo shawarar a gina wasan a kan dara. Shawara ce mai kyau, domin dara ba ta bukatar zane mai yawa, ƙasar Kebbi kuma gidanta ce. Wani likita a Ingila, R. C. Bell, ya bayyana ta a littafinsa na wasannin duniya na 1960 a matsayin wasan Dakarkari, mutanen ƙasar Zuru. Zabarmawa suna kiranta dili. Ya kamata a tuna cewa sunan dara a Hausa ya haɗa wasa fiye da ɗaya, har da mai gidaje 12 wadda ake zuba 'ya'ya ana zagayawa. Wadda ake nufi a nan ita ce mai gidaje 30, layi 5 sau 6, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, wannan da karare, wancan da tsakuwa. Da farko a dasa 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan a shiga matsawa gida ɗaya gaba ko baya ko gefe, duk wanda ya jera uku sai ya cire ɗan abokin karawarsa guda.

Wannan bayani ya ishi mutum ya zauna a gindin bishiya ya fara, domin in an sami saɓani akwai dattijo a gefe da zai raba gardama. Kwamfuta ba ta da dattijo. Kafin mai rubuta umurni ya kai awa biyu zai juyo da tambayoyi. Idan mutum ya jera uku tun a lokacin dasawa, an hana ne ɗungum, ko an yarda amma ba ya ci? Idan matsawa ta haifar da huɗu a jere fa? Ana iya cire ɗan da yake cikin jerin uku na abokin karawa, ko yana da kariya? Wanda aka toshe shi ba shi da inda zai matsa, ya faɗi ke nan ko a tsallake shi? Mutum yana iya fita daga jeri ya koma cikinsa yana ci ba iyaka? Waɗannan wurare ne da 'yan dara suke saɓawa daga gari zuwa gari, kowa kuma yana ganin tasa ce ta asali. Ɗan Gumbin Kure zai ba da amsar garinsu, ɗan Zuru ya ce ba haka ba ne.

A nan ne aikin ya zama na mai nazarin al'ada. Rubuce-rubucen da ake yi a kan wasannin gargajiya a sassan Hausa na jami'o'i sukan tsaya ga suna da lokacin yi da masu yi da amfanin wasan ga tarbiyya, su taƙaita dokoki cikin sakin layi guda. Irin wannan bayani ba ya isa a sake gina wasan in masu yinsa sun ƙare. Tambayoyin mai manhaja, duk da ban haushinsu, su ne tambayoyin da mai bincike ya kamata ya yi tun a fili. Sai dai akwai hatsari a ɗaya gefen. Ranar da dara ta shiga waya da doka guda, yara dubu suka koye ta a haka, dokokin sauran garuruwa za su koma "kuskure". Maganin wannan a hannun mai tsarawa yake: ya bar wa mai wasa zaɓi, ya kuma rubuta sunan garin da aka ɗauko kowace doka.

Kwafe dara kawai bai cika sharaɗin gayya ba, tunda ana son sabon abu a kan jigon da aka bayar. Jigon kansa kuwa da Ingilishi yake zuwa, fassara shi ita ce matakin farko na ƙira. Na 2019 tambaya ce a kan abin da gida yake nufi ga mutum. Bature zai tuna da ɗaki da iyali, Bahaushe kuwa yana da ƙarin ma'ana a hannu, domin ramin dara ma gida ne, har ana cewa dara ta ci gida. Na 2023 kalma ɗaya ce wadda Hausa ta rarraba ta zuwa saiwa da tushe da asali da salsala, kowace kuma wasa daban za ta haifa. Na 2020 shi ne gyara. Wanda ya tashi a Aliero, garin da ya yi suna a kan ɗori har ana kawo masu karaya daga nesa, ba sai ya yi dogon tunani ba kafin ya ga wasa a cikin karare da tsumma da ƙashin da ake so ya koma mazauninsa.

Inda Hausa take turjewa

Matsala ta farko ta haruffa ce. Haruffa masu ƙugiya sun zauna a rubutun boko tun shekarun 1930, suna kuma da gurbinsu a tsarin Unicode, amma yawancin zubin haruffan ado da masu wasanni suke saukewa kyauta ba su da ɓ da ɗ da ƙ. Abin da yakan fito a wurinsu ɗan akwati ne fanko. Mai gaggawa, ƙarfe uku na dare, sai ya cire ƙugiyar ya wuce. Sakamakon shi ne madannin da aka so ya ce "ƙare" ya koma "kare", "ƙasa" ta koma "kasa", "ɓari" ya koma "bari". Gwada zubin haruffa aikin minti biyar ne in an yi shi daren Juma'a. In aka bari sai Lahadi, bayan an auna kowane akwatin rubutu da zubin da bai dace ba, ya zama aikin da babu lokacinsa.

Ta biyu ta nahawu ce. Wasan Ingilishi yana magana da mai wasa da wakilin suna guda wanda bai bambanta mace da namiji ba. Hausa ba ta yarda da wannan ba: ko "ka ci" ko "kin ci". Mai tsarawa yana da hanya uku. Ya tambayi jinsin mai wasa tun farko, wanda zai ninka rubutun da za a yi. Ya yi amfani da "kun ci" na girmamawa, wanda yake da nauyi a bakin wasan yara. Ko ya fake da "an ci", wanda ya kuɓuta daga jinsi amma ya yi sanyi, kamar ba da mai wasan ake ba. A umurni ma haka abin yake, sai dai a can Hausa ta yi sauƙi, domin "fara" da "tsaya" da "ci gaba" suna tsayawa da kansu ba tare da wakilin suna ba. Abin da ba shi da kyau shi ne a ɗauki "ka" a yi shiru, kamar 'yan mata ba sa riƙe waya.

Akwai wasa guda da ya kamata kowane mai nazarin ginin jumla ya sani. Arvi Teikari, ɗan ƙasar Finlan, ya ƙera Baba Is You a Nordic Game Jam na 2017, ya zo na ɗaya, cikakkensa kuma ya fito a 2019. A cikinsa dokokin wasa kalmomi ne da aka jera a fili, mai wasa yana iya tura su kamar duwatsu. Doka mafi sauƙi guda uku ce: suna, da kalmar haɗi a tsakiya, da sifa ko wani sunan. Idan doka ta ce bango yana tsayarwa, sai ka ture kalma ɗaya, jumlar ta rushe, ka ratsa bangon. Dukan wasan ya dogara ga cewa Ingilishi yana da kalmar haɗi guda wadda take zama a tsakiya. A Hausa kuwa "ne" da "ce" a ƙarshe suke zuwa, suna kuma bin jinsi: tuta nasara ce, bango dutse ne. Inda Ingilishi ya yi amfani da kalmar nan tasa guda, Hausa takan koma "yana" ko "tana" in aiki ake nufi. Saboda haka fassara wannan wasa kalma da kalma ba za ta yiwu ba. Amma wanda ya fara daga Hausa zai sami abin da Teikari bai samu ba: wasan da tura "ce" zuwa wurin "ne" zai canza abin da doka ta hau kansa, ko wanda ƙara tsawon wasali zai mai da fari ya zama fāri. Irin wannan dabara daidai take da awa 48, kuma sai wanda ya san nahawun harshen zai gan ta.

Ta uku ita ce wace Hausa. Mutumin Jega ko Maiyama yana cewa "shina" inda daidaitacciyar Hausa take cewa "yana", yana cewa "na" da "ta" a wurin "ne" da "ce", "hwara" a wurin "fara". Ga rubutun madannai da umurni, daidaitacciyar Hausa ta fi, don wasan ya yi tafiya har Kano da Damagaram da zangon Kumasi. Ga muryoyin mutanen cikin wasa kuwa babu dalilin da zai sa tsohon da yake dara a ƙasar Kabi ya yi magana da bakin Kano. Wasan kwaikwayo na rediyo da talabijin ya daɗe da gane wannan.

Abin da yake tsaye a hanya

Wuta ce ta farko. Gayyar awa 48 tana bukatar lantarki marar yankewa da intanet mai ɗaukar kaya, aƙalla a awa ta ƙarshe, wanda yake nufin janareto da mai, ko faifan hasken rana da batir. Wannan shi ne furar mai gayya a wannan zamani, jami'a ko kwaleji ce kawai take iya ɗaukarsa a yankin. Na biyu shi ne kwana a zaure. Iyaye kaɗan ne a ƙasar Hausa za su bar 'yarsu ta kwana biyu a ɗakin kwamfuta tare da samari, tsarin da bai yi la'akari da wannan ba ya kori rabin masu basira tun kafin a fara. Rashin barcin ma ba abin alfahari ba ne, masu sukar al'adar a Turai da Amurka sun daɗe suna cewa tana koya wa matasa karɓar aikin dare da rana wanda kamfanonin wasanni suka yi ƙaurin suna a kansa. Tun daga 2021, lokacin annobar korona, Global Game Jam ta sassauta, ta ba da kwanaki da yawa kowane zaure ya tsara lokacinsa a ciki. Zauren da aka buɗe a Aliero yana iya aiki da rana, a tashi salla, a koma gida da magariba.

Na uku yana cikin kalmar wasa kanta. A Hausa abin da aka yi da wasa shi ne abin da ba a ɗauka da muhimmanci ba, malamai kuma sun daɗe suna ƙyamar dara saboda caca da shagaltar da mutane daga salla. Wasan kwaikwayo ma ya sha wannan kallo kafin littattafai irin su Wasan Marafa na Abubakar Tunau su shigar da shi aji. Ƙagaggen labari na boko kuwa da gayyata ya fara: a 1933 Rupert East na Hukumar Fassara ya zagaya yana neman malamai su rubuta labarai don gasa, abin da ya fito shi ne Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Babu ɗaya daga cikin marubutan nan da ya taɓa rubuta irin wannan littafi kafin a nema.

Sashen Hausa da yake son gwadawa ba sai ya jira Janairu ko janareto ba. Global Game Jam tana karɓar wasannin da ba na kwamfuta ba, na kati da na allo, ana kuwa iya yin gayyar farko da kwali da alli da tsakuwa a wuni guda. A raba ɗalibai huɗu huɗu, a ba su karin magana ɗaya a matsayin jigo da ƙarfe 8 na safe, da la'asar kowace ƙungiya ta miƙa dokokinta a rubuce da Hausa ga wata ƙungiyar. Sharaɗin shi ne waɗanda suka karɓa su buga wasan daga takardar kaɗai, masu shi suna tsaye suna kallo, ba su da izinin buɗe baki.